Ba Sai Kin Ji Ciwo Ba: Magana a Kan Gwajin Bakin Mahaifa

Wanda ya sauka daga trotro a Tech Junction, cikin Kumasi a ƙasar Ghana, abu biyu zai gani. A gefe guda jami'ar Kwame Nkrumah ce, inda ake koyar da likitoci da nas-nas da masu haɗa magani, ga kuma asibitinta. A ɗaya gefen Ayigya ce da zangonta, ga masu koko da ƙosai, ga masu wake da shinkafa, ga teloli da makarantun allo. Titin da ya nufi Ankara, babban birnin ƙasar, shi kaɗai ya raba su.

To, ki shiga gidan suna a cikin zangon, ki bari a gama rabon abinci, ki tambayi matan da ke zaune: "Wa ta taɓa jin labarin sankarar bakin mahaifa?" Da yawa za su ce sun ji. Wata a rediyo, wata a waya, wata daga bakin ɗaliban da kan zaga da takardar tambayoyi. Sai ki sake tambaya: "Wa ta taɓa zuwa aka duba ta?" Nan za ki ji shiru. In kin matsa, wata za ta gyara mayafi ta ce, "Ni lafiyata ƙalau, me za a duba?"

Wannan amsar ce dalilin rubutun nan. Na zaɓi Ayigya da gangan domin ku da ke karanta wannan ɗan littafi a ƙauye. Mun saba cewa nisan asibiti ne ke hana matanmu zuwa gwaji, kuma gaskiya ne nisa na hanawa. Amma ga matar da asibiti ke tsallaken titi da gidanta, ita ma ba ta je ba. Ashe akwai wani abu bayan nisa. A ganina abin shi ne an gaya mata sunan cutar, amma ba a gaya mata cewa gwajin na mace mai lafiya ba ne. Wadda ba ta jin komai, ita ake nema. Ranar da ciwo ya kai mace asibiti da kansa, sau da yawa lokacin da gwaji zai fi amfani ya riga ya wuce.

Bari mu fara da wurin kansa. Bakin mahaifa shi ne ƙofar mahaifa ta ƙasa, wadda ke buɗewa lokacin naƙuda jariri ya fito. Duk wadda ta haihu a asibiti ta ji ungozoma na cewa "bakin bai gama buɗewa ba". Wurin ke nan. Abin da ke kawo masa sankara wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta wurin saduwa. Ƙwayar tana da iri da yawa, amma iri biyu, masu lamba 16 da 18, su ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙarsu da cutar, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008.

Yawancin mutanen da suka taɓa saduwa, maza da mata, sukan ɗauki ƙwayar wani lokaci a rayuwarsu ba su sani ba. A jikin mafi yawansu tana mutuwa da kanta cikin shekara ɗaya ko biyu. A jikin wasu mata kaɗan ne take zama, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa a hankali. Daga wannan sauyi zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Idan garkuwar jikin mace ta yi rauni, kamar mai ɗauke da ƙwayar HIV da ba ta shan magani, yana iya zama shekara 5 zuwa 10.

Ki tsaya a kan wannan lissafin, 'yar'uwa. A duk tsawon shekarun nan babu zazzaɓi, babu ciwon mara, babu jini. Mace tana kasuwa, tana daka, tana goyo, tana aurar da 'ya'ya. Ba ƙarya ta yi ba da ta ce lafiyarta ƙalau. Amma a shekarun nan ne idon ma'aikaciyar lafiya zai iya ganin tabon, ta kashe shi cikin 'yan mintoci. Sankara kaɗan ce ke ba mutum irin wannan dogon wa'adi. Abin baƙin ciki shi ne muna barin wa'adin ya ƙare a banza. A shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin 350,000 suka mutu, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. A Ghana kusan mata 3,000 ake samu da ita kowace shekara, kuma waɗanda take kashewa sun fi rabin wannan adadi. Bayan sankarar nono, ita ce ta biyu a cikin matan ƙasar.

Idan cutar ta fara bayyana, ga yadda take zuwa. Jini bayan saduwa. Jini tsakanin al'ada da al'ada. Jini ga wadda ta daɗe da daina al'ada. Ruwa mai wari da ke fita ba ya tsayawa, wani lokaci gauraye da jini. Daga baya ciwon ƙugu da mara, kumburin ƙafa, rama. Ba kowace mai irin wannan ke da sankara ba, akwai wasu cututtuka masu kawo haka. Amma babu ɗaya a cikinsu da ya kamata a zauna da shi a ɗaka.

To ina matanmu ke kai waɗannan alamu? Ruwa mai wari, sunansa "sanyi". Sai a je kemis a sayi ƙwayar matsi, ko a jiƙa saiwa, ko a saya daga mai tallar maganin mata. Ya lafa mako biyu ya dawo, a sake saya. Shekara ta wuce a haka. Ba na zagin mai kemis, sana'arsa yake yi. Amma sanyin da aka yi wa magani sau biyu sau uku bai tafi ba, ido yake buƙata, ba wata ƙwayar ba.

Jinin kuwa, wurin da ake fara kai shi ya fi ba ni tunani. Musulmar da ta ga jini ba lokacin al'adarta ba, tambayarta ta farko ita ce: zan yi salla ko ba zan yi ba? Azumina yana nan? Sai ta aika a tambayi malam, ko ta tambayi malamar makarantarsu. A ba ta amsa daidai: wannan jinin cuta ne, ba na haila ba, ki yi tsarki ki yi alwala ki yi sallarki. Ta sami natsuwa, magana ta ƙare. Matar coci kuma ta raɗa wa matar fasto ko shugabar zumuntar mata, a yi mata addu'a. Ke nan malamai da iyayen coci sukan ji labarin jinin nan wata da watanni kafin likita ya ji. Roƙona gare su ɗaya ne. Allah ya gafarta malam, tun da littafi da kansa ya kira shi jinin cuta, a ƙara jimla ɗaya bayan fatawa: "Kuma ki je asibiti a duba ki cikin makon nan." Mama, bayan an shafa addu'a, a tambaye ta ranar da za a raka ta. Na yi imani wannan jimla ɗaya za ta yi aikin da fasta dubu a bangon asibiti ba ta yi ba.

Sai kuma iyayenmu da suka manyanta. Na sha jin ana yi wa tsohuwa barkwanci wai ta koma budurwa don jini ya dawo mata bayan shekaru. Al'ada ba ta dawowa. Matar da ta shekara guda cur ba ta ga jini ba a shekarun daina al'ada, in ta sake gani, ko ɗigo ne, a kai ta asibiti.

Yanzu ga gwajin kansa, domin rashin sanin abin da za a yi a cikin ɗakin yana korar mata fiye da yadda muke zato. Iri uku ne. Na farko, wanda ya fi yawa a ƙananan asibitoci, ana kiransa VIA. Mace ta kwanta kamar yadda ake kwanciya a awon ciki. A sa wani ɗan abu na ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa don a ga bakin mahaifa. A shafa ruwan tsami, irin binega na girki, a jira minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Nan take za a gaya miki sakamako. Na biyu, wanda ake kira Pap, ana ɗan goge bakin mahaifa da ƙaramin burushi a kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito daga baya. Na uku shi ne gwajin ƙwayar HPV kanta, shi ya fi kaifi, kuma a inda ake da kayan mace na iya shiga bayan labule ta ɗauko da kanta da tsinken auduga, ba wanda ya buɗe ta. Ba a yanka, ba a allura, ba a cire komai daga mahaifa. Akwai ɗan rashin daɗi, ba na musu, amma bai kama ƙafar naƙuda ba. Ba ya hana haihuwa. An fi so a zo lokacin da ba a al'ada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwaji daga shekara 30. In gwajin HPV ne, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. In VIA ne ko Pap, bayan shekara 3. Mai ɗauke da HIV ta fara tun tana 25, ta kuma riƙa maimaitawa da wuri, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Ga wadda ta haura 50, VIA ba ya nuna wurin sosai, gara Pap ko gwajin HPV.

"Gara ban sani ba," in ji wasu. "In aka ce ina da ita, tunani kaɗai zai kashe ni." Na fahimci wannan tsoron, domin duk wadda suka sani da cutar sun san ta ne a ƙarshenta, da wari da jini da bashi. Amma ki ji wannan da kyau. Yawancin matan da aka gwada ba a samun komai. Waɗanda aka ga fari a jikinsu kuma, mafi yawansu ba sankara ba ce, share fagenta ne. Ana ɗora wa wurin wani ɗan ƙarfe mai zafi, ko a daskarar da shi da sanyi, mace ta tashi ta koma gida da ƙafarta, mahaifarta na nan. Za ta ga ruwa na fita na 'yan makonni, za a kuma ce ta ƙaurace wa shimfiɗa kamar wata guda har wurin ya warke, ta dawo a sake dubawa a ranar da aka sa mata.

Wannan wata gudan ya kawo mu ga maigida, kuma a nan zan daɗe kaɗan. A zango, kamar a ƙauyukanmu, mace ba ta fita asibiti sai da sanin mijinta, sau da yawa kuma da kuɗinsa. In ta ce za ta je a duba ta alhali ba ta kwance, amsar da ta saba ji ita ce, "Neman cuta kike yi?" In kuma ya ji cewa ƙwayar ta saduwa ce, sai zargi ya shigo. Wannan zargi zalunci ne. Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya kamuwa. Ƙwayar na iya kwana a jiki shekaru masu yawa, tun daga auren fari, nata ko nasa, kuma namiji yakan ɗauke ta ba alama. Babu gwajin da zai nuna wa ya ba wa, ko yaushe. Sakamakon gwaji ba shaidar kotu ba ne, kada a mai da shi dalilin saki ko abin gori tsakanin kishiyoyi. A gidan da ke da mata biyu ko uku, abin da ya dace shi ne maigida ya ba kowacce kuɗin mota su tafi tare. Malam, kai da ka iya sayen ragon suna bakwai a gidan nan, kuɗin gwajin uwar 'ya'yan bai fi ƙarfinka ba. Kuma in aka yi mata magani aka ce wata guda, haƙurinka na cikin maganin.

Wani zai ce, mai sayar da koko da ke tashi tun kafin asuba tana da abin da ya fi wannan damunta: zazzaɓin yara, hawan jini, kuɗin haya, kuɗin makaranta. Ranar da ta rufe tukunya ta bi layin asibiti, ranar babu ciniki. Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Amsata ita ce a dubi abin da ake nema a wurinta. A watan Nuwamba na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shirin kawar da cutar, da buri uku kafin 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata rigakafi kafin su kai 15, a gwada kashi 70 na mata da gwaji mai kaifi suna 35 a sake suna 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Ko da sau biyu kawai mace ta samu a rayuwarta, ya rage mata haɗari ƙwarai. A ɗaya hannun, wadda sankara ta kama sosai sai an yi mata gashi. A Kumasi asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, shi ke yi, a Ankara kuma Korle Bu. Makonni ake yi ana zuwa kusan kullum. Matar Ayigya trotro za ta shiga. Matar ƙauye sai ta bar gona, ta nemi masauki, a ɗauko 'yarta daga makaranta ta yi jinya. A auna kwana ɗaya na ciniki da wannan.

Amma kada mu ɗora wa mata laifin duka. Mu ma'aikatan lafiya muna da namu kason. Mace ta zo awon ciki sau takwas, ta haihu a hannunmu, ta yi shekara biyu tana kawo yaro awo da rigakafi, ba wanda ya taɓa ce mata, "Hajiya, shekarunki nawa? An taɓa duba miki bakin mahaifa?" In an yi bayanin ma, da Turanci ne ko Tuwi, a gurguje, cikin hayaniya. Ita kuma da Hausa take tunani, ko da Dagbanci, ko Frafra. Wata ta yi ƙarfin hali ta zo, sai a daka mata tsawa don ta ƙi buɗe ƙafa, ko labule ya ƙi rufuwa mutane na wucewa. Ta koma unguwa ta ba mata goma labari, an rasa goman. Kunyar matanmu ba jahilci ba ce, tarbiyya ce, mu ya kamata mu gyara ɗakin ya dace da ita. Kuma mace na da damar ta ce mace take so ta duba ta. Wannan aiki galibi nas-nas da ungozomomi mata ke yin sa.

An gwada an ga yana yiwuwa. Asibitin Katolika na Battor, a jihar Volta, ba a babban birni yake ba, amma ya kafa cibiyar da ke koyar da nas-nas da ungozomomi daga sassan Ghana yadda ake gwajin da yadda ake kashe tabon, suna kuma fita da kayan aiki zuwa cikin garuruwa. Abin da nake so in gani a Ayigya da sauran zangunan Kumasi, Aboabo da Asawase da Sabon Zango, shi ne irin wannan ya bi hanyar da mata suka riga suka sani. Kowane zango na da magajiya. Kowace unguwa na da ƙungiyar adashi, wanda a can ake kira susu. Matan da ke iya tara kuɗin anko na biki cikin mako biyu za su iya ware zubi ɗaya na kuɗin gwaji, su tafi biyar-biyar, wata ta riƙe wa wata tukunya. Magajiya in ta fara zuwa ta dawo ta ce, "Na je, ba komai," ta gama wa'azin. A ƙauye ma haka ne, da shugabar zumunta ko uwargidan mai gari.

Maganar rigakafi gajeriya ce. Nijeriya ta sa allurar HPV cikin rigakafin ƙasa a watan Oktoba na 2023, Ghana kuma a Oktoba na 2025, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kyauta. Ana yin ta da ƙuruciya ne domin ta fi aiki kafin yarinya ta haɗu da ƙwayar. Jita-jitar cewa tana hana haihuwa ba ta da tushe. An fara amfani da allurar tun 2006, waɗanda aka yi wa a lokacin da yawansu yau iyaye ne. Sai dai allurar ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta zauna. Don haka uwar da ta kai 'yarta rigakafi ta yi wa 'yar, nata gwajin yana nan yana jiranta.

In kin zo awo na gaba, ko kin rako mara lafiya, ki nemi ungozoma ki yi mata tambayar kai tsaye: ana gwajin bakin mahaifa a nan, wace rana, nawa ne, wa ke yi? In ba a yi a wurin, ta rubuta miki sunan asibitin da ake yi. Ki tambaya kuma a watan Janairu, domin shi ne watan da aka ware wa wannan cuta, kuma wasu asibitoci sukan rage kuɗi ko su yi kyauta a lokacin. In aka gwada ki, ki karɓi katin da aka rubuta sakamako da ranar dawowa, ki ajiye shi tare da katin awon yara, inda ba zai ɓata ba.